Uban da ya yi shiru a cikin tatsuniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci kan yadda ake sabunta tsofaffin tatsuniyoyin yara a littattafai da finafinai, inda yanzu ake miƙa wa gimbiya takobi, a ce ta daina jiran yarima ya zo ya cece ta. Ban ƙi wannan ba, domin ina so yarinya ta ga irinta a labari tana da ƙarfin hali da dabara. Sai dai a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba.

Sauya tatsuniya tsohon abu ne. Lokacin da Jacob da Wilhelm Grimm suka fitar da tarin tatsuniyoyinsu a Jamus a 1812, sarauniyar da ta nemi ran gimbiya Snow White saboda kishin kyau uwar da ta haife ta ce, sai a bugun 1819 aka mayar da ita kishiyar uwa. Haka aka yi wa mahaifiyar Hansel da Gretel, yaro da yarinya 'yan'uwan juna a wata tatsuniyar, a bugun 1840. An wanke uwa, an ɗora laifin a kan wata macen, amma babu wanda ya taɓa uba.

Uban Hansel da Gretel ya amince a yar da 'ya'yansa a daji saboda yunwa, har sau biyu, ko da yake ransa bai so ba. Gretel ce ta tura mayyar da ta kama su a dajin cikin tanderu ta ceci ɗan'uwanta, wanda ya nuna cewa jarumtar yarinya ba yau aka ƙirƙiro ta ba. A ƙarshe matar uban ta mutu, yaran suka dawo da lu'ulu'u, uban kuwa ya ci moriyar dukiyar ba tare da an tuhume shi ba. Mahaifin Snow White sarki ne guda, amma ana farautar 'yarsa a gidansa ba a ji ko tarinsa ba.

Wannan shirun ne ya fi damuna, musamman saboda yara maza da ke sauraro. Rikicin iko ana barinsa tsakanin mace da mace, shi kuwa mai ikon gaske ya koma gefe, kuma yaro yana iya ɗauka cewa hakan ba laifi ba ne.

Ina jiran marubucin da zai sa Gretel, bayan ta dawo gida, ta dubi mahaifinta ta tambaye shi dalilin da ya sa ya juya ya bar su a daji.

Naku,
Wani mai karatu