Hazon da ke tsakanin gilashi ba laifin mai gadi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, ya kuma shafi 'yan uwanmu masu aikin gadi da aikin gida a nan Legas. Ni mai haɗa taga da ƙofar alminiyam ne. A Dopemu na koyi aiki, a Agege nake zaune, amma yawancin ayyukana a Lekki da Ajah da Ikoyi suke. Maganata a kan tagar nan ce mai gilashi biyu, wadda ta cika sababbin gidaje da ofisoshi. Ana kashe mata kuɗi masu yawa, amma daga masu ita har masu kula da ita, kaɗan ne suka san halinta.

Kwanakin baya aka kira ni wani gida a Lekki in duba makullin ƙofa. Ina shiga na tarar da mai gadin gidan, wani dattijo mutumin Sakkwato, a kan tsani da bokiti da tsumma, yana ta dirzar gilashin falo, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ashe uwar gida ce ta ce ya ƙi wanke taga da kyau, har an zaftare masa wani abu a albashi. Na ce, "Baba, don Allah sauko." Na shafa gilashin ta waje, a bushe yake. Na shiga ɗaki na shafa ta ciki, nan ma a bushe. Hazon yana can tsakanin gilasan biyu, inda hannun kowa ba ya kaiwa. Ko shekara Baba zai yi yana guga, ba zai fita ba. Na yi wa maigidan bayani, ya gamsu, aka mayar wa dattijon haƙƙinsa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, irinsa nawa ne a garin nan waɗanda ba wanda ya zo ya wanke su?

Ga yadda ake haɗa ta. Gilasai biyu ne, a tsakaninsu akwai wani siririn ƙarfen alminiyam da ya zagaye gefe, ya raba su da tazarar milimita 12 ko 16 a mafi yawan lokaci. Ƙarfen nan rami ne da shi, an cika shi da wasu 'yan ƙwayoyi masu shanye danshi, kamar waɗanda ake samu a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi. Sannan a liƙe gefen sau biyu, da wani baƙin danko daga ciki, da wani mai kauri daga waje, yadda iska ba za ta shiga ba, ba za ta fita ba. Wasu kamfanonin suna ɗura iskar argon a tsakani, domin ba ta ɗaukar zafi kamar iskar da muke shaƙa. Duk amfanin tagar yana ga busasshiyar iskar nan da aka kulle. Ranar da liƙin ya buɗe, amfanin ya soma tafiya.

Asalinta ta ƙasashen sanyi ce, kuma ta yaɗu sosai a Turai bayan tsadar man fetur ta 1973, lokacin da ɗumama gida ya zama abin lissafi. Mu a nan akasin haka muke nema, wato sanyin iyakwandishan ya zauna a ɗaki, ƙarar janareta da hon ɗin danfo su tsaya a waje. Mutanen Ikeja da Mafoluku da ke kwana ƙarƙashin jiragen filin Murtala Muhammed sun san darajar wannan. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit, daga wajen naira 68, na ga masu gida sun fara tambaya a kan inda sanyinsu ke zurarewa. Amma zan faɗi gaskiya ko da za ta rage mini ciniki: wanda ba ya kunna iyakwandishan, gilashin luba mai shigo da iska ya fi masa wannan. Kuma gilashi biyu fari fat, wanda ba a yi masa shafen tare rana ba, ba ya hana zafin rana ratsowa yadda masu talla ke faɗa.

Idan ka ga ruwa a jikin taga, kafin ka zargi kowa, sa yatsa ka nemo inda yake. In ta waje ne, musamman da asuba, raɓa ce. Iskar Legas cike take da danshi, ta taɓa gilashi mai sanyi, ta zama ruwa, rana na fitowa ta bushe. In ta cikin ɗaki ne, yawanci an ɗauke wuta ne, aka buɗe ƙofa, iskar waje ta shigo ta tarar da gilashin da ya kwana yana shan sanyi, ko kuwa tururin kicin ne da banɗaki. Duka biyun tsumma ya ishe su. Na ukun ne ciwo, wanda ke tsakani. Yakan fara da ɗan hazo a kusurwa da safe, ya ɓace da rana. Daga baya ya daina ɓacewa, ya koma ɗigon ruwa, ƙarshe ya bar farin tabo a jikin gilashin wanda ba ya goguwa har abada. Wannan yana nufin liƙin ya tsage, ƙwayoyin nan sun sha danshi har sun ƙoshi.

Rana tana da hannu a ciki. Da tsakar rana iskar da ke tsakani tana kumbura, da dare ta sace, kullum liƙin yana miƙewa yana komawa har ya gaji. Shi ya sa tagar da ke fuskantar yamma takan riga sauran lalacewa. Gilashi mai kyau yakan kai shekara 15 zuwa 20 kafin haka ta faru. In naka ya yi hazo a shekara biyu ko uku, ba tsufa ba ne, aikin ne bai yi kyau ba, ka koma wa wanda ya sa maka.

Amma babban makashin taga a Legas ruwa ne mai kwanciya, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Duk firam na kirki yana da 'yan ƙananan ramuka ta ƙasa, masu fitar da ruwan da ya shiga. Ramukan nan ne ake wasa da su. Mai filasta ya zo ya toshe da siminti. Mai fenti ya bi da fenti. Hunturu ya kawo ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan Afrilu ya dama ta ta zama laka. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai gyaran da za a kira don taga na yoyo, ya ga rami, ya ce ai ta nan ruwa ke shiga, ya matse silikon ya toshe. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi. A Yuni da Yuli, lokacin da sama ke kwana tana zuba, ruwa ya taru a firam, gindin gilashin ya zauna a cikinsa mako da makonni. Babu liƙin da zai jure wannan.

Gwajinsa ba ya cin ko kwabo. Buɗe tagar, ɗauki buta, zuba ruwa a kwarin firam na ƙasa, ka leƙa waje. In ka ga yana tsiyaya ta ramukan, alhamdu lillahi. In ya tsaya cak, nemi tsinken tsintsiya ko siririyar waya ka zungure ramukan, ka bi kwarin da tsohon buroshin haƙori, ka sake zubawa. A yi haka kafin ruwan farko ya sauka, a sake yi lokacin da sama ke ɗan tsagaitawa a watan Agusta. Mai gadin da ya iya wannan ya tsare wa maigidansa dukiya mai yawa, kuma ya kamata a san masa.

Akwai laifin da namu ne, mu masu sa tagar. Gilashi ba ya zama kai tsaye a kan firam. Ana ɗora shi a kan wasu 'yan ƙananan matasai na roba mai tauri, su ɗaga shi sama kaɗan, ruwa ya bi ta ƙasa. Na sha cire gilashi in tarar an cusa guntun kwali ko ɓaraguzan katako, sun jiƙe sun ruɓe sun yi baƙi. Haka nan silikon. Akwai mai warin khal, wanda asid ke fita daga jikinsa yayin da yake bushewa. Shi ya fi araha, shi ake saya, alhali yana iya cin liƙin gefen gilashin. Marar warin nan ake so. Maigida ba sai ya san sunansa ba, hancinsa ya isa.

To, in hazo ya riga ya shiga fa? Wasu za su zo da injin huji su ce za su huda gilashin, su busar da cikin, su toshe. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Hazon zai iya ja baya na ɗan lokaci, amma tsagar da ta shigo da danshi tana nan, in akwai argon ya riga ya gudu, kuma in gilashin mai tauri ne wanda aka gasa, ana taɓa shi da huji zai tarwatse ya zama tsakuwa. Wasu kuma za su ce sai an fasa bango an cire tagar gaba ɗaya. Wannan ma neman kuɗi ne. In firam ɗin lafiya yake, gilashin kawai ake canzawa. A ɓalle 'yan sandunan da suka riƙe shi, a zaro tsohon, a auna faɗi da tsawo da kauri, a ba da a haɗo sabo. Kaurin nan ne mutane ke mantawa. In an ce 6-12-6, ana nufin gilashi milimita 6, tazara 12, gilashi 6, jimla 24. In aka kawo 22, zai yi ta girgiza yana shan ruwa. Kuma gasasshen gilashi ba ya yankuwa bayan an gasa shi, awon da ka bayar shi ne naka.

Kada a sa yaron gida ya ɗaga shi shi kaɗai. Kowace milimita ɗaya ta kauri tana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita. Ke nan 6 da 6 kilo 30 ne a mita guda, ƙofar baranda kuwa ta ninka haka. A bene, mutum biyu da safar hannu, ba tsani da silifas ba.

Nauyin nan ne ke cinye hinji da taya. Tagar da ta fara gogar firam, ko take buɗewa da kanta in iska ta kaɗa, sau da yawa sukuru ne ya saki, kuma a jikin hinjin akwai wani ɗan ƙarami da ake ɗaurewa don ya ƙara riƙo. Mai zamewa in ta yi tauri, share hanyar tukuna, in ba ta saki ba taya ce ta mutu, ita kaɗai za a canza. Don Allah a daina zuba baƙin mai da manja da man gyaɗa. Suna kama ƙura su zama kwaɓaɓɓe, baƙin mai kuma yana kumbura roba. Feshin silikon ake sawa, kaɗan.

Mutanen bakin teku, daga Victoria Island har Ajah, nasu ya fi, domin iskarsu da gishiri take tafe. Hinjin da zai daɗe a Ikeja, a can tsatsa za ta cinye shi da wuri. Ƙarfe marar tsatsa ma suna suka tara. Mai lamba 304 yana da kyau, mai lamba 316 ya fi jure gishiri. In ka je saye, riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu. Hinjin da ya manne masa da ƙarfi, kada ka kai shi kusa da teku. Araha ba ta ado.

Saura robar da ke zagaye bakin taga. Rana na busar da ita, ta tsuke ta bar kafa a kusurwa. Sa takarda a bakin taga ka rufe, ka ja. In ta zare salin alin, sanyinka ta nan yake fita, ƙara da sauro ta nan suke shigowa. Yanki ɗan guntun tsohuwar ka tafi da shi Dopemu a ba ka irinta, domin kowane firam da siffar robarsa.

Ga 'yan uwa da ke tara kuɗi a nan suna gini a Kano ko Kaduna ko Katsina, suna son irin tagar da suka gani a gidan oga, kafin ku biya ku tambayi mai sayarwa inda aka haɗa gilashin, ya kuma rubuta muku a rasit shekara nawa ya tsaya a kai in ya yi hazo. Ku tsaya a sa taga ɗaya a gabanku, ku ga matasan nan an sa su, ku zuba ruwa da buta ku ga ya fita, sannan a ci gaba da sauran.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai aikin alminiyam da gilashi,
Agege, Legas.