Amsa ga Hajiyar da Ta Tambayi Batun Sa Kaji Zubar da Gashi

Assalamu alaikum Hajiya.

Kin tambaye mu a bainar jama'a: kajinki sun kai mako 75, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, shin ki hana su abinci su zubar da gashi su sake sabon zubi? Dabarar tana aiki, amma ba ma goyon bayan a yi ta da yunwa.

Abin da ake nema shi ne kaza ta daina ƙwai gaba ɗaya, mahaifarta ta huta, kitsen da ya taru a kan mahaifar ya narke. Tsohuwar hanya ita ce a ɗauke abinci kwana 7 zuwa 14. Yunwar tana karya garkuwar jiki, ƙwayar cutar salmonela ta samu wurin yaɗuwa. Ƙungiyar masu samar da ƙwai ta Amurka ta haramta wa mambobinta wannan hanya tun 2006.

Ga yadda ake yi ba tare da yunwa ba. Ki fara da tsince ragwaye da marasa lafiya, ki ba sauran maganin tsutsa da rigakafin Lasota, na cutar Newcastle, mako guda kafin farawa. Ki yi wa kaji 30 alama ki auna su. Sai ki kashe fitilar dare, ki mayar da dukkan kajin kan dusar alkama mai ɗauke da bitamin, ba gishiri. Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya. Ki riƙa auna masu alamar duk kwana uku. Nauyi ya sauka da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ki tsaya. Daga nan abincin masu tasowa na mako biyu, sannan na masu ƙwai mai isasshen kalsiyam, haske ya koma awa 16 sannu a hankali.

Nan ne ake yawan faɗuwa: ɗakunanmu a buɗe suke, rana tana ba da haske kusan awa 12, alhali ana son 8, don haka wasu kajin ba sa tsayawa sosai. Kuma don Allah kada ki gwada tsakanin Maris da Mayu, zafi zai kashe miki su.

Ƙwai yakan kai rabin yawan kajin a kullum a mako na 7 ko 8 daga farawa. Zai fito manya, ɓawo da ƙwari, amma yawansa ba ya kamo na zubin farko. Ki lissafa abincin wata biyu da ƙwai kaɗan, ki gwada da kuɗin sayar da su gab da Sallah ki zuba sababbi.

Allah ya sa albarka a kiwon.