Wasiƙa zuwa ga Hadiza, tare da ƙullin iri

Unguwar Dosa, Kaduna

Aminiyata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya Ummi da jego? Allah Ya raya mana jaririyar bisa sunna, Ya ƙara wa uwar lafiya.

A cikin saƙon da direba zai kawo miki akwai ƙaramin ƙulli a takarda, kada yara su ɗauka kayan shayi ne su watsar. Irin dil ne, ganyen nan mai ƙamshi da kika ci a kifi a gidana da Babbar Sallah kika dame ni da tambaya, wanda Larabawa ke kira shibit. Na hanzarta aiko shi ne saboda lokaci. Shukar sanyi ce, ba ta shiri da zafi ko kaɗan, da ta ji rana ta yi ƙarfi sai ta bar yin ganye ta miƙe ta fitar da fure. Mu nan Kaduna daga Nuwamba zuwa Fabrairu muke morarta. Ku kuwa a Sakkwato da zafi ke riga mu sauka, in kika bari watan Janairu ya wuce, sai dai ki tara iri, ganye kam kin yi sallama da shi. Don haka ki shuka a makon nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu na farko, ba a dashensa. Ɗan gidan su karas ne, saiwa guda yake turawa ƙasa, doguwa, in aka tumɓuke aka mayar wani wuri sai ya yi yaushi, ko ya tashi a tsamure ya yi fure tun bai kai ko'ina ba. Inda kike so ya zauna, nan za ki zuba irin. In ba za ki yi fangali a bayan gida ba, tsohon bokitin fenti ko buhun siminti ya isa, muddin zurfinsa ya kai kamar santimita 30 kuma kin huda ƙasansa ruwa na fita. Ki haɗa ƙasa mai yashi-yashi da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙone shi zai yi. Ki barbaɗa irin, ki rufe da ƙasa 'yar kaɗan wadda ba ta wuce rabin santimita ba, ki danna da tafin hannu. Ban ruwa kuma yayyafi ake yi, don irin ba shi da nauyi, in kika kwarara da buta duk zai taru a gefe guda.

Tsakanin kwana 10 zuwa 14 za ki ga ya tsiro. Ganye biyun farko dogaye ne sirara, ba su yi kama da abin da kika gani a gidana ba, sai ki ja wa mai shara kunne kada ta cire da sunan ciyawa. Na uku ne ke fitowa da yatsu-yatsu, kuma in kika murza shi tsakanin yatsunki tun yana ƙarami za ki ji ƙamshin ya tashi. Idan sun kai tsawon ɗan yatsa ki rage su, ki bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakani, waɗanda kika cire ki wanke ki yanka a wainar ƙwai. Iskar hunturu tana busar da ƙasa da wuri, saboda haka safe da yamma ki duba, amma kada ruwa ya kwanta. Yana son rana, sai dai a garinku inda zai samu ta safe ya huta da ta azahar ya fi. Kuma ki jingina masa kara, jikinsa ba ƙwari, iska na kayar da shi.

Wajen mako shida zuwa takwas sai ki fara tsinka, daga na waje, kada ki aske shi gaba ɗaya. Dabarar masu lambun bakin Kogin Kaduna da latas ita ce ta dace da shi: duk bayan mako biyu ko uku ki sake zuba wani sabo a wani bokitin, wannan na tsufa wancan na tasowa.

A girki, ƙa'idarsa guda ce, wuta na kashe ƙamshin ganyen. Sai kin sauke tukunya ko saura minti ɗaya ki watsa. Ni inda na fi jin daɗinsa shi ne a karfasa: ki tsaga jikin kifin, ki cusa yankakken ganyen da tafarnuwa da ruwan lemon tsami da gishiri, ki bar shi ya jiƙa kafin ki gasa. Yana shiga da dafaffen dankalin Turawa da ɗan man shanu, haka kuma kindirmo da aka yanka wa kokwamba. Mutanen Iran a shinkafa suke zuba shi da yawa tare da wake har ta koma kore, na gwada a dafa-duka mai sauƙin tumatir, ta yi kyau. Amma a miyar kuka ko duk inda daddawa ta shiga, kada ki ɓata ganyenki, daddawa ba ta barin kowa ya yi magana. Shanya shi kuma asara ce, rabin ƙamshin ke tafiya. Daskarewa a firji ta fi, ga wanda wuta ke zama a unguwarsu.

Ki bar gindi biyu ko uku su yi fure. Furen rawaya ne, a buɗe kamar laima, kuma ƙudan zuma da ƙananan ƙwarin da ke cinye darɓa suna son sa, shi ya sa nake ajiye bokitin kusa da kabeji. Idan 'ya'yan suka koma ruwan ƙasa, wajen wata uku da shuka, ki yanke kan ki zura a jakar takarda ki rataye a inuwa, da kansu za su zube. Leda tana sa su fumfuna.

'Ya'yan nan su ne na magani, kuma sun fi ganyen ƙarfi, suna jure dahuwa. Ga kumburin ciki da yawan gyatsa bayan cin wake ko alala, ki ɗan daka cokalin shayi ɗaya a turmi, ki zuba tafasasshen ruwa kofi guda, ki rufe minti goma, ki tace. Rufewar tana da muhimmanci, don amfanin a cikin mai yake, tururi na tafiya da shi. A Indiya taunawa suke yi bayan cin abinci saboda narkewa da warin baki. Abin da ya wuce kumburi na yini ɗaya, kamar ciwon da ke dawowa kullum ko amai, wannan na asibiti ne. Mai ciki ta tsaya a abin da ke cikin abinci, ban da jiƙo.

Yanzu maganar jikarki, don na san halinki. Ruwan maganin ciwon cikin jarirai na Woodward's da iyayenmu suka rene mu da shi, wanda wani mai haɗa magani a Ingila, William Woodward, ya fara yi a 1851, man 'ya'yan dil ne a cikinsa. Kada wannan ya sa ki dafa ki ɗura wa jaririya. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata shida, ko ruwa ban da shi, kuma jiƙon gida ba mai iya auna ƙarfinsa a cikin ɗan ƙaramin ciki. In tana murɗe-murɗe, a ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa bayan kowane shan nono, in kukan ya ƙi ƙarewa a kai ta a duba. Ummi ita kam tana iya ci a abinci. A ƙasashe da dama ana ba masu jego shi da cewa yana kawo ruwan nono, ni dai ba zan hana kunun kanwa da cin abinci mai kyau in dogara da shi ba.

Rabin irin ki shuka, rabin ki adana a kwalba mai murfi nesa da murhu. In an samu mai zuwa, ki aiko mini da albasa da ɗan kilishi. Ki gaida Inna da su Ummi.

Taki har kullum,
Rabi