Malam Edita, a koya wa iyaye ƙirga numfashin yaro

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na kiwon lafiya da ya taɓo cututtukan huhu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin yara, kuma ina sauraron shirin duk lokacin da aiki ya bar ni. An yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kusan duk tambayar da masu sauraro suka aiko, amsar baƙonku ɗaya ce: a je a ga likita. Gaskiya ce, ba na musu. Sai dai uwar da ɗanta ke tari da tsakar dare ta riga ta san da likita. So take a gaya mata wane tari ne zai iya jiran wayewar gari, wane ne kuma ba ya jira. Wannan sanin ba na likita kaɗai ba ne, minti biyar na rediyo ya isa a koyar da shi.

Bari in fara da limoniya, domin ita ce ba ta ba da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000, wato kashi 14 cikin ɗari na mace-macen yaran da ke wannan rukuni. Abin da ke faruwa shi ne, ƙananan jakunkunan iska da ke cikin huhu su cika da ruwa da mugunya, iskar oksijin ta kasa shiga jini yadda ya kamata, sai jiki ya nemi cike giɓin da saurin numfashi. Wannan saurin shi ne alamar da kowace uwa za ta iya gani da idonta.

Ga yadda ake yi. A bari yaro ya natsu, ba yana kuka ko yana shan nono ba. A ɗaga masa riga, a sa ido a kan cikinsa ko ƙirjinsa, a ƙirga ɗagawarsa sau nawa cikin cikakken minti ɗaya da agogon waya. Kada a ƙirga rabin minti a ninka, domin numfashin jariri yakan yi sauri, ya ɗan dakata, ya sake ɗauka. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ko fiye, ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Sannan a dubi ƙasan haƙarƙari. Ƙirjin lafiyayyen yaro buɗewa yake idan ya ja numfashi. In aka ga ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki a kowane ja, to huhun yana shan wahala. In kuma yaro ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko leɓɓansa sun yi duhu, babu maganar jiran safiya. A asibiti za a maƙala masa 'yar na'ura a yatsa ko a ƙafa a auna oksijin, in ya gaza kashi 90 cikin ɗari a sa masa iska. Wanda aka kawo da wuri kuwa, sau da yawa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna amoxicillin na 'yan kwanaki ya ishe shi.

Na sha jin iyaye suna ɗora laifin a kan fanka ko wankan ruwan sanyi. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo limoniya, kuma akwai allurar riga-kafin manyan cikinsu. Yaron da ya cika riga-kafinsa har da na ƙyanda, ya kuma sha nonon uwa zalla wata shida, ya fi samun kariya a kan wanda aka naɗe da rigar sanyi uku.

Kada kuma a ce na zo tayar da hankali. Yawancin tarin da ake yi mura ce, bairas ke kawo ta, tana tafiya da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Antibayotik ba ya taɓa bairas ko kaɗan, shan sa a kan mura koya wa ƙwayoyin cuta jure magani ne kawai. Hutu, yawan shan ruwa da share hanci sun wadatar. Maganin tari na kwalba kuwa, ra'ayina a kansa ba mai daɗi ba ne. Tari hanya ce da huhu ke fitar da majina, danne shi ba warkarwa ba ne, kuma masu kodin a ciki ba a ba yara su sam.

Inda kwalbar nan ta fi ɓarna shi ne a tarin fuka. Mutum ya yi wata biyu yana canza magani daga wannan zuwa wancan, yana ramewa, yana jiƙa matashi da zufa cikin dare, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ba ya zuwa gwaji sai ranar da ya ga jini a kakinsa. Duk tsawon lokacin nan yana raba cutar ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi, domin ta iska take bi, ba ta kwano ko kofi ko musabaha ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: tarin da ya kai mako biyu, a kai kaki a gwada. Na'urar GeneXpert tana ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar wannan cuta a Jamus, amma a 2023 mutum kusan miliyan 10.8 suka kamu, kimanin miliyan 1.25 suka rasu. Cutar da ake warkewa sarai!

Warkewar tana da sharaɗi, kuma a nan ne baƙonku ya yi gaggawar wucewa. Maganin na wata shida ne: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya biyu. Cikin makonnin farko tari zai lafa, ci zai dawo, mutum ya ji garau, sai ya ajiye magani. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, in suka farfaɗo maganin farko ba lallai ya sake cin su ba, sai a koma wani mai wahala da illoli. Akwai kuma ƙaramin abu da ke korar mutane: rifampicin yana mayar da fitsari ja-ja, har hawaye da zufa. Wanda ba a gaya masa ba zai zaci jini ne ya tsorata ya daina. Jimla ɗaya a rediyo ta isa ta hana wannan. A kuma gaya wa dangi cewa wanda ya ɗan jima a kan magani yadda ya dace ba ya yaɗa cutar kamar da, don haka ware masa kwano da gudunsa babu abin da suke ƙarawa sai sa wasu ɓoye tarinsu. Buɗe taga ya fi amfani, a kuma kai yaran gidan a duba su.

Sai asma. Alamunta sanannu ne: numfashi mai fito, ƙirji ya ɗaure, tari da dare ko da asuba, abin ya tashi in an shaƙi ƙura, hayaƙi ko turare mai ƙarfi. Hanyoyin iska ne ke kumbura su tsuke. Abin da ke ba ni takaici shi ne tsoron inhela, wato 'yar na'urar da ake fesa magani a baki a shaƙa. Wai in ka fara ba ka dainawa, wai sai ciwo ya yi tsanani ake ba da ita. Ba haka ba ne. Ba ta sa jaraba, kuma da yake kai tsaye take zuwa huhu, abin da ke shiga jiki bai kai na ƙwayar haɗiya ba. Iri biyu ce: mai buɗe hanya lokacin da numfashi ya sarƙe, kamar salbutamol, da mai hana kumburi wadda ake shaƙa kullum ko da ana jin lafiya. Wanda ke yawan neman ta farko alama ce yana buƙatar ta biyu. Yara da yawa kuma a harshe maganin ke tsaya musu. Gorar roba mai tsabta, a huda gindinta a cusa bakin inhela, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi ta bakin gorar sau huɗu zuwa shida, maganin zai isa inda ake so. Mai asmar da ya kasa haɗa jimla ɗaya saboda haki, ko inhela ta ƙi yi masa aiki, asibiti za a nufa da shi nan take.

Ba zan tsawaita a kan hayaƙi ba, duk da shi ne tushen da yawa daga cikin waɗannan. Taba sigari da shisha kowa ya san su. Wanda ba a cika ambata ba shi ne hayaƙin girki da itace ko gawayi a rufaffen wuri, alhali mutum fiye da biliyan biyu a duniya da irin wannan makamashi suke girki. Shekaru suna tafiya huhu yana toshewa a hankali, sai a ga dattijuwar da ba ta taɓa riƙe sigari ba tana haki daga ɗaki zuwa ƙofa, a ce tsufa ne. Masu fasa dutse da haƙar ma'adinai su ma ƙurar da suke shaƙa tana barin tabon da ba ya gogewa a huhu, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka.

Roƙona, Malam Edita, kada maganar huhu ta tsaya a 24 ga Maris da 12 ga Nuwamba, ranakun da duniya ta ware wa tarin fuka da limoniya. Ku yi gajerun sanarwa da za a riƙa maimaitawa tsakanin shirye-shirye: 60, 50, 40 ga numfashin yara, mako biyu ga tari, wata shida ga magani. Ku gayyato ma'aikatan jinya su bayyana yadda ake riƙe inhela dalla-dalla. Kuma don Allah ku duba tallan da kuke sakawa. Ranar da aka yi shirin nan, ana rufe shi sai ga tallan wani magani da aka ce yana warkar da kowane irin tari, har da asma da tarin fuka, cikin kwana uku. Ina roƙon a cire shi.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
Wata ma'aikaciyar jinya