Ta Hannu ko Ta Cinya? Amsa ga Mai Tambaya kan Bututun Duba Zuciya

Assalamu alaikum Malam,

Ka ce yayanka ta wuyan hannu aka zura masa bututun duba jijiyoyin zuciya, kai kuma an ce ta cinya za a bi, shin likitanka ne bai waye ba? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa.

Gaskiya ne, yanzu hannu ake fara dubawa. Dokta Lucien Campeau ne ya buɗe wannan hanya a Montreal ta Kanada a 1989. Binciken MATRIX na 2015, kan mutum sama da 8,000 masu ciwon zuciya na gaggawa, ya nuna mummunar zubar jini da mace-mace sun ragu idan aka bi ta hannu. Jijiyar hannu tana dab da fata, ga ƙashi a ƙarƙashinta, ana dannawa jini ya tsaya. Ta cinya kuwa tana can ciki. Idan allurar huda jijiyar ta hau sama kaɗan, jini na iya riƙa tsiyaya a bayan ciki ba wanda ya gani, sai mutum ya fara gumi yana kukan baya.

Amma jijiyar hannu siririya ce, wani lokaci takan ƙanƙance ta riƙe bututun gam. Mai ciwon ƙoda da ake ganin zai kai ga wankin ƙoda, adana masa ita ake yi don wankin. Aikin da ke son babban bututu, kamar sauya bawul ɗin zuciya (ƙofar da jini ke bi) ba tare da tsaga ƙirji ba, galibi sai cinya.

Sai batun rufe hujin da aka yi a jijiya, wanda ba ka tambaya ba, ni kuwa shi ya fi damuna. A hannu, ana ɗaura madauri mai iska irin TR Band, ana sassautawa kaɗan-kaɗan. Gwanin nas yakan matse daidai yadda zubar za ta tsaya ba tare da jijiyar ta toshe ba. A cinya, ko dai a danne da hannu kamar minti 15 zuwa 20, ka kwanta rigingine awa 4 zuwa 6 ba lanƙwasa ƙafa, ko a toshe da wani abin toshi mai suna Angio-Seal mai narkewa cikin kusan wata uku, ko a ɗinke da na'urar ɗinki mai suna Perclose. Waɗannan na'urori suna tayar da mutum da wuri, amma a ganina ba sa gyara hujin da aka yi a inda bai dace ba.

Kafin ranar aikin, ka tambayi likitanka abin da ya hana hannu, ko zai duba da sikanin kafin ya huda, da kuma abin da zai rufe da shi. Ka kuma faɗa masa idan kana shan maganin tsinka jini.

Allah Ya ba ka lafiya.

Naka,
Likitan zuciya