A Tambayi Majinyata Kafin a Mayar da Asibiti Cikin Waya

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi kira ga hukumomin lafiya na Kamaru, da ƙungiyoyin agaji masu aiki a arewacin ƙasar, da samarinmu masu ƙera manhajojin waya. Kiran nawa ɗaya ne: kafin a tsara duk wani abu da zai haɗa mara lafiya da asibiti ta waya, a zauna da mara lafiyar tukuna, a ji ta bakinsa.

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. 'Yar rumfa gare ni a Garwa, inda nake cajin wayoyi, ina sayar da kiredi, ina tura wa mutane kuɗi ta Orange Money da MoMo. Sai dai mai irin wannan sana'a yana ganin abin da ba a hangowa daga ofis a Yawunde, domin duk saƙon da ya gagari mai waya, a hannunmu yake ƙarewa.

Alheri kam an samu, ba mai musu. A watan Afrilun 2023 ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashin farko na shirin lafiya ga kowa, wato CSU, a garin Mandjou da ke yankin Gabas. Mai ciki tana biyan sefa 6,000 ta karɓi wata takarda, da ita za ta samu awo, da hoton ciki, da haihuwa ko da ta tiyata ce, da kulawa har kwana 42 bayan ta sauka. Mu 'yan arewa mun riga kowa sanin wannan takarda, tunda a yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa aka fara aiki da ita. Mai wankin ƙoda da a da yake biyan sefa 5,000 a kowane zama, yanzu 15,000 zai biya a shekara. Rajistar duk wannan da kwamfuta da waya ake yin ta, kuma kowa ya san gaba nan aka dosa: tunatarwa ta waya, sakamakon gwaji ta waya, ganin likita ma ta waya.

To ga abin da nake gani. Asibiti ko wata ƙungiya ta karɓi lambar mutum, bayan kwana biyu saƙo ya shigo da Faransanci. Mai wayar Hausa yake ji, ko Fillanci, ko wani harshen na yankinmu, karatunsa kuma na allo ne. Sai ya riƙo wayar ya zo rumfata, ya ce, "Malam, duba mini me suka ce." Wani lokaci ranar rigakafin yaro ce, wannan da sauƙi. Wani lokaci kuwa tunatarwa ce cewa lokacin karɓar maganinsa na wata ya yi, da sunan sashen asibitin ƙarara, kuma duk wanda ya san gari ya san wace cuta ake dubawa a wannan sashe. Ga mutane zaune a kan benci suna jiran cajinsu, kunnuwa a buɗe. Nakan ja mutumin gefe in faɗa masa a hankali, in kuma rufe bakina don tsoron Allah. Amma sirrin ciwon bawan Allah bai kamata ya rataya a kan halin mai cajin waya ba. Akwai dattijon da tun ranar da na karanta masa irin wannan saƙo ya daina biyowa ta layinmu, yana zagayawa don kada mu haɗa ido. Abin yana ci mini rai har yau, domin mutumin kirki ne, kuma magani kawai ya je nema.

Da an tambaye shi tun farko, "Baba, yaya kake so mu riƙa tuna maka?", da ya ce a kira shi da murya, ko a aiko saƙon da ba ya ambaton komai, ko kuma a bar shi da ɗan littafinsa na asibiti, wato karne, ya san ranarsa.

Na mata ya fi wannan nauyi. Masu tsara waɗannan abubuwa suna ɗauka kowa da wayarsa a aljihu, shi kaɗai ke buɗe ta. A gidajenmu da yawa waya ɗaya ce, kuma tana hannun maigida. Idan ya tafi cin kasuwar Ngong, ko ya tsallaka Mubi ko Yola sayo kaya, saƙon awon matarsa ya bi shi, sai ya dawo ranar ta wuce. Wata kuma lambar yayanta ta bayar, wata ta maƙwabciya, domin ba a yanka layin waya sai da katin ɗan ƙasa, ita kuwa ba ta da shi. Sannan ga kunya. Wace amarya ce a Hausa ko a Fulani take shelar cikin fari tun yana wata biyu? Ko uwarta ba ta iya faɗa wa baki da baki. Sai ga saƙo yana yi mata barka da juna biyu a wayar da ƙanin miji ko kishiya ke dannawa. Na san matar da saboda haka ta ƙi komawa awo sai da cikin ya fito kowa ya gani, wato watannin da aka fi son ta zo su ne aka kore ta. Kowace mai ciki da ke zaune a layin awo ta san wannan, ba a tambaye ta ba ne kawai.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Mutanenmu suna canja layi idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni ko wani kamfani ya yi rangwame. Wuta takan ɗauke, waya ta kwana biyu a mace. Tsohuwa ta fi gane "Laraba mai zuwa, bayan azahar" a kan jerin lambobin kwanan wata. Da damina kuwa manomi yana gona tun asuba, saƙon safe bai same shi ba.

Nakan ji ana cewa ai wanda bai yi boko ba ba zai iya ba da shawara kan fasaha ba. Wannan magana ba ta da tushe. Tsofaffin da ba su iya rubuta sunansu da boko ba suna aika saƙon murya ta WhatsApp ga 'ya'yansu a Duwala da Njamena kullum. Sun haddace lambar sirrin kuɗinsu, kuma ba a cutarsu ko da dala ɗaya. Ba a ce su rubuta manhaja ba. Abin da ake nema a wurinsu shi ne yadda ciwon yake, yadda gidan yake, da abin da zai hana su zuwa asibiti, kuma a nan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Basira kuma muna da ita a ƙasar nan. Arthur Zang ya ƙera Cardiopad, na'urar da ke auna bugun zuciyar mutum a ƙauye ta aika wa likitan zuciya a birni ta hanyar layin waya, har ya samu kyautar Rolex a 2014. Alain Nteff da abokansa sun kafa GiftedMom don tunatar da masu ciki da masu shayarwa ranakun awo da rigakafi. Ina alfahari da su. Roƙona ga masu tasowa a bayansu, musamman 'ya'yanmu da ke jami'o'in Ngaundare, Marwa da Garwa, su tuna cewa abin da ya yi aiki a Yawunde, inda kusan kowa ke karanta Faransanci, yana iya zuwa Figil ko Gidar ya tsaya cik.

Jin ta bakin majinyata kuma ba yana nufin a gama komai, a tara mutane a otal, a raba lemo da riguna, a ɗauki hoto ba. Tun bayan shirin kiwon lafiya a matakin farko da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987, cibiyoyin lafiyarmu suke da kwamitin al'umma, wanda ake kira COSA, ga kuma ma'aikatan lafiya na unguwa da ke bi gida gida da damina suna raba wa yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Hanyar isa ga mutane a shimfiɗe take. A kira masu ciwon suga, masu hawan jini, masu wankin ƙoda, makafi da kurame, tun abin yana kan takarda. A yi wa mata zamansu daban, mace ta jagoranta, domin a gaban maza da yawansu ba za su buɗe baki ba. A biya musu kuɗin moto da na yinin da suka bar sana'arsu, tunda aiki suka zo yi. A miƙa musu wayar, irin ƙaramar nan mai maɓallai da suke riƙewa, a zuba ido a ga inda suka tsaya ba tare da an nuna musu ba. Bayan an gyara a dawo a faɗa musu abin da aka ɗauka daga maganarsu da abin da aka bari, da dalili.

A watan Disamban 2024 Kamaru ta samu dokar kare bayanan sirrin mutane. Ina fatan masu karɓar lambobinmu a asibiti za su ɗauke ta da gaske. Mutum ya dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba, wannan ba yarda ba ce. A yi masa bayani da harshensa: wa zai ga sunansa, wane irin saƙo zai zo, a wace waya. Idan ya ce ba ya so, a bar masa karnensa na takarda, kada a mayar da shi ƙarshen layi don ya ƙi.

Ina kira ga wakilin ma'aikatar lafiya na yankin Arewa da shugabannin gundumomin lafiya na Garwa: duk ƙungiyar da ta zo da sabon shiri na waya, su tambaye ta da waɗanne majinyata ta zauna, a wace unguwa, da wane harshe, kafin su sa mata hannu. Limamanmu da masu unguwanni kuma su riƙa sanar da ranar zaman COSA bayan sallar Juma'a, don masu ciwo da masu jinya su samu halarta.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Mai karatunku,
daga Garwa, Jamhuriyar Kamaru.