Haɗewar kamfanonin giya da farashin dawar manomi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da mutanenmu ke kawar da kai daga gare shi da zarar sun ji an ambaci giya, alhali yana taɓa aljihun manomin dawa a ƙauyukan Kano da Jigawa. Al'amarin shi ne yadda manyan kamfanonin giya ke haɗiye juna a duniya da nan gida Najeriya, har masu sayen dawa mai yawa a lokaci guda suka koma 'yan ƙalilan. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba na kuma fatan wani ya sha, kuma jihohinmu biyu sun hana cinikinta tun da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000. Sai dai noma ne sana'ata, kuma duk abin da zai motsa farashin buhun dawa a Dawanau ko a Gujungu ya zama dole in san shi.

Alaƙar dawa da waɗannan kamfanoni ta ƙullu ne a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsirarren sha'ir daga waje. Kamfanonin suka juya ga dawa da masara, masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka yi aiki a kan irin da ya dace da tsiro, kaura da farafara suka sami kasuwar da ba su da ita a da. Ko da aka ɗage haramcin daga baya, tsadar dala ba ta bar su sun rabu da dawa ba. Ba giya kaɗai ake yi da ita ba. Maltina da Amstel Malta da Malta Guinness da Grand Malt, waɗanda muke rabawa a walima da suna, muke kuma kai wa marar lafiya a asibiti, duk daga waɗannan kamfanoni suke fitowa.

A 2008 kamfanin InBev na ƙasar Beljiyam ya saye Anheuser-Busch na Amurka a kan kimanin dala biliyan 52, sannan a 2016 sabon kamfanin AB InBev ya haɗiye SABMiller a kan fiye da dala biliyan 100. Wannan ciniki da aka ƙulla a Turai ya iso ƙasarmu a 2017, inda aka narkar da Intafact na Anaca da Pabod na Fatakwal cikin International Breweries na Ilesha, waɗanda dukkansu a da suke ƙarƙashin SABMiller. Kafin nan, Nigerian Breweries, wanda Heineken na ƙasar Holan ke riƙe da mafi yawan hannun jarinsa, ya saye masana'antun Sona da Life Breweries a 2011, ciki har da ta Kudenda a Kaduna, ya kuma haɗe da Consolidated Breweries a ƙarshen 2014. A 2024 Diageo ya sayar da kashi 58 cikin 100 na Guinness Nigeria ga Tolaram, masu hannu a taliyar Indomie. Yau kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwar.

Masu shan giya a jihohin da ake shanta su ne suka fara ji a jikinsu, kuma dalilin a fili yake: kwalabe suna nan da sunaye daban-daban a kan kanta, amma mai su ɗaya ne, don haka babu wanda zai karya farashi domin ya ƙwace ciniki daga hannun ɗan uwansa. A Amurka, bayan Miller da Coors sun haɗa kasuwancinsu a 2008, masana tattalin arziki sun gano cewa farashi ya tashi sama da yadda zai kasance in da ba a haɗe ba. Mu ma masu shan lemon malt hakan ya shafe mu, domin Hi-Malt da Maltex da a da suke gogayya da Maltina yanzu 'yan gida ɗaya ne.

Inda abin ya fi damuna shi ne ɓangaren manomi. Gaskiya ne mafi yawan dawarmu tuwo da kunu take tafiya, kuma abin da masana'antu ke ɗauka bai kai wanda ake ci ba. Amma su suna saye ne da tirela-tirela, da kaka, daidai lokacin da manomi ke da bashin taki da kuɗin 'yan ƙwadago a wuyansa, ga bikin 'ya'ya yana tafe, ba shi da halin zuba amfaninsa a rumbu ya jira bazara. Idan wakilan kamfanoni shida ko bakwai suka shiga kasuwa suna neman dawa mai tsafta, dillali yana da bakin cewa albarka, ya juya wajen wani. Idan suka koma biyu ko uku, abin da suka taya shi ne farashi, kuma wannan farashi shi ke gangarowa har kan mai tiya a kasuwar ƙauye. Ko manomin da ya yi rantsuwa ba zai taɓa sayar wa mai yin giya ƙwaya ɗaya ba, farashin da zai sayar wa mai tuwo yana bin wancan ne, domin kasuwar hatsi ɗaya ce. Haka kuma idan babban mai saye ya ja baya, babu wanda zai cike gurbinsa da wuri. A 2024, bayan asarar kimanin naira biliyan 106 da ya yi a 2023, Nigerian Breweries ya dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa tara, kuma shawara irin wannan da ake yankewa a Legas ba a jin ta bakin manomi ko ɗaya kafin a yanke ta.

Hukuncin sayar da hatsi ga wanda aka san giya zai yi da shi magana ce ta malamai, kuma ina roƙonsu su yi wa manoma bayani filla-filla, domin da yawanmu muna sayarwa ga dillali ba tare da sanin inda buhu zai sauka ba. Amma ƙyamar giya bai kamata ta sa shugabanninmu su yi shiru a kan haƙƙin manomi ba. Lokacin da AB InBev ya nemi amincewar Afirka ta Kudu kan sayen SABMiller a 2016, gwamnatin ƙasar ta gindaya masa sharuɗɗa, har ya ɗauki alkawarin kashe rand biliyan 1 cikin shekara biyar, mafi yawansa a kan tallafa wa ƙananan manoma. Mu a nan an yi haɗewar 2011 da 2014 da 2017 tun kafin a kafa hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, wadda dokarta ta fara aiki a 2019.

Tunda yanzu akwai hukumar, ina kira gare ta da ta riƙa duba halin mai noman dawa a duk lokacin da aka kawo mata buƙatar haɗewa, ba farashin kwalba kaɗai ba, ta kuma saurari ƙungiyoyin manoma kafin ta sa hannu. Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya daga Kano da Jigawa su bibiyi hakan. Gwamnatocin jihohinmu kuwa, ta hannun hukumominsu na bunƙasa noma da raya karkara, wato KNARDA da JARDA, su taimaka wa ƙungiyoyin gama-kai da sito da bashi marar ruwa domin manomi ya iya riƙe dawarsa ta wuce kaka, su kuma jawo masu sarrafa ta zuwa garin tuwo da abincin yara da abincin kaji su kafa masana'antunsu a nan, kusa da gonakin da ake noma ta.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Manomin dawa daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa